FAIFAN GARMAHO A ƘASAR KANO: TARIHIN WATA HAJA MAI ARAHA



Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun saba neman hujjojinsu a wurare uku, watau rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, da takardun da Turawan mulki suka bari a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, da kuma bakin dattawa. A wannan lacca ina so in jawo hankalinmu zuwa ga hujja ta huɗu, wadda aka raina saboda ƙanƙantarta da arahar da aka saye ta. Ita ce faifan garmaho, musamman ƙaramin nan mai waƙa ɗaya a kowane gefe, wanda da yawa daga cikinmu muka tashi muka tarar a ɗakunan iyaye da yayye.

Zan tsaya ne a ƙasar Rimin Gado, kimanin kilomita 20 da ɗoriya yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo. Dalilin zaɓen kuwa shi ne, kusancinta da birni ya sa duk abin da ya sauka a Kano sai ya kai mata, amma nisanta ya isa ya sa abin ya zo a makare, sau da yawa bayan ya sha hannu. Daga irin wannan wuri aka fi ganin rayuwar haja tun daga tsadarta har zuwa ranar da aka zubar da ita.

Asalin na'urar da sunanta

A 1877 ne Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maido ta. Shekara goma bayan haka, a 1887, Emile Berliner ya fito da dabarar zana muryar a kan abu mai faɗi, kewayayye, wanda za a iya buga dubbai irinsa daga uwa guda, kamar yadda ake buga hatimi. Wannan dabara ita ta mai da murya hajar sayarwa.

Faya-fayan farko ana yin su ne da wani irin ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Suna juyi 78 a minti ɗaya, suna da nauyi, kuma da sun faɗi sai su tarwatse kamar tangaran. Mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙu a gefe ɗaya. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33, wanda ke cin minti 20 ko fiye a kowane gefe. A 1949 kuma kamfanin RCA Victor ya fito da ƙarami mai inci 7 da juyi 45. Wannan na ƙarshe shi ne ya zama faifan talaka a duniya, domin ba shi da nauyi, ba ya saurin fashewa, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Da abin ya iso ƙasar Hausa sai Bahaushe ya yi masa suna biyu ta hanya biyu. Akwatin ya ari sunansa na Turanci ya lanƙwasa shi ya ce garmaho. Abin da ake ɗorawa a kai kuwa bai ari komai ba, ya duba cikin gidansa ya ga faifan da mata ke ɗinkawa da kaba don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi, ya ce ai wannan faifai ne. Kamar ta wuce kewaye kawai. Ɗinkin faifai layi ɗaya ne da ke naɗewa a kan kansa, haka ma zanen da allura ke bi. Bambancin dai mai ɗinki daga cibiya take farawa ta nufi baki, ita kuwa allura daga baki take tashi ta nufi cibiya. Sunan ya fi abin da aka raɗa wa tsawon rai, don kuwa har yau muna cewa faifan bidiyo ko faifan murya game da abin da ke cikin wayar hannu, alhali babu wani abu kewayayye a ciki.

Isowarsa Kano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a shekarar da ta biyo. Kamfanonin Turawa irin su John Holt da CFAO, da kuma UAC daga baya, suka kafa kantuna, Kwarori suka bi bayansu, Sabon Gari ta cika da akawuna da ma'aikatan jirgi daga kudu. Taragon da ya tafi Ikko da gyaɗa da fata shi ne ya komo da atamfa da kananzir da keke da garmaho. Masu sayensa na farko su ne waɗanda ke da albashi ko babban jari: akawuna, da attajirai, da 'ya'yan sarauta.

Garmahon wancan zamani ba ya bukatar lantarki. Wana shi ake yi da hannu, a ɗora allurar ƙarfe, wadda ƙa'ida ta ce a sake ta bayan kowace waƙa, ko da yake ba kowa ke da halin bin ƙa'idar ba. Kamfanonin da suka ga kasuwa sun gane da wuri cewa mutum ya fi son jin harshensa. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin wasu mutanen Afirka ta Yamma a London, kuma Hausa tana cikin harsunan da aka ɗauka. A 1931 manyan kamfanonin Ingila biyu suka haɗe suka zama EMI, mai tambarin nan na kare yana sauraron bakin garmaho. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Decca da Philips suka shigo kasuwar sosai. Shekaru da dama ana ɗaukar murya a nan Afirka ta Yamma, a kai ta Turai a buga, sa'an nan a komo da ita ta jirgin ruwa, kafin a kafa masana'antun buga faifai a Ikko.

Rediyo ya zo ya ƙara wa faifai kasuwa. An kafa rediyon waya a Kano a 1944, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Abin da mutum ya ji sau ɗaya a rediyo ya wuce, faifai ne kaɗai zai ba shi ikon maimaita shi sa'ad da ya ga dama. Don haka shagunan Sabon Gari da Fagge suka zama mahaɗar muryoyi: Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos a gefe ɗaya, Rex Lawson da I. K. Dairo a ɗaya gefen, ga Jim Reeves da James Brown daga Amurka, ga kuma Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi waɗanda gidajen siliman Kano suka sanar da jama'a.

Daga birni zuwa Rimin Gado

Ƙasar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da suka fi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun daga shekarun 1960, Polly Hill kuma ta yi bincike a Ɗorayi, ta buga sakamakonsa a 1977. Abin da suka nuna shi ne gona a wannan yanki ba ta hutu, kuma ba ta isar mai ita shi kaɗai. Tilas manomi ya haɗa da sana'a, ko fatauci, ko cin rani. Jakuna su shiga birni da itace da kara, su fito da taki. Mutumin Rimin Gado, ko Gulu, ko Jili, ko Yalwan Ɗanziyal, ƙafarsa ɗaya a gona take, ɗaya a kasuwar birni.

Ta wannan zirga-zirga faifai ya shigo ƙauye. Ɗan cin rani ya komo da shi gab da damina, malamin firamare ya zo da nasa daga kwaleji, tsohon soja ya sauka da nasa bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙananan na'urori masu aiki da batir, waɗanda suka yawaita a shekarun 1960, su suka ba faifai mai juyi 45 damar zama a garin da ba lantarki. Wurin zamansa kuwa sananne ne: teburin mai shayi, shagon tela, ɗakin samari, da gidan biki. Ba kowane gida ya karɓe shi ba, domin malamai da dattawa da yawa sun ɗauke shi shagala, kuma yaron da aka gani yana yawan zama gindinsa akan sa masa ido.

Akwai wani juyi na tattalin arziki da ya kamata mu lura da shi. Farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 sun karya hanyar samun kuɗin manomin Kano. A daidai lokacin ne kuɗin man fetur ke kwarara cikin birane, aka kuma biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, da bashin watannin baya. Ma'aikaci ya sayi babur, ya sayi rakoda mai cin kaset, ya tattara tsofaffin faya-fayansa ya ba 'yan gwanjo ko ƙannensa na ƙauye. Ke nan faifai ya fi yawa a karkara a lokacin da birni ya gama da shi. Ɗan koli ya shimfiɗa su a ƙasa ranar kasuwa, kusa da madubi da allura da zare, babu riga, wasu sun karce, wasu rana ta lanƙwasa su, yana sayarwa a kan 'yan kwabbai.

Mu da muka yi ƙuruciya a wannan zamani, irin waɗannan faya-fayai muka sani. Ba mu zaɓe su ba, abin da kasuwa ta zubar ne ya faɗo hannunmu. Shi ya sa a kwali guda za ka tarar da kalangu da goge da kiɗan Kwango da waƙar Indiya. Yaro ya haddace waƙa a harshen da bai san ko kalma ɗaya a cikinsa ba, ya haddace ta har da wurin da allura ke tsalle. Waɗanda suka lalace sarai kuwa sun zama abin garawa a titi, ko adon bangon ɗakin amarya.

Abin da faifai ya yi wa waƙa

Kafin zuwan garmaho, wanda ke son jin makaɗi sai ya je inda makaɗin yake. Makaɗin fada na ubangidansa ne, yana yi a ƙofar fada ranar salla ko daren Juma'a. Makaɗin noma yana gona ranar gayya, na dambe yana fage. Waƙar malamai rubutacciya takan yi tafiya a takarda da bakin almajirai, amma muryar mawaƙi ba ta taɓa rabuwa da jikinsa ba. Faifai ya raba su, kuma wannan rabuwa ta haifar da sauye-sauye uku.

Na farko, ta sauya masu sauraro. Waƙar da aka yi wa sarki ko hakimi, wadda a da sai fadawa da mutanen garinsa ke ji, ta zama abin da manomi zai saya ya ji a zaurensa. Matan da ke cikin kulle suka ji muryoyin da ba za su taɓa zuwa dandalinsu ba. Ubangida ma ya ci riba, domin sunansa ya kai garuruwan da dokinsa bai taɓa takawa ba. Wannan ya sa attajirai da direbobi da 'yan siyasa suka shiga neman a ambace su.

Na biyu, ta taɓa tsawon waƙa. Mawaƙin Hausa ba ya aiki da agogo. Yakan kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe, shi kuma ya yi ta ɗora ɗiya gwargwadon waɗanda ke wurin da kyautar da ke fitowa. Waƙa ɗaya tana iya cin rabin sa'a yau, gobe ta ci sa'a guda da wasu kalmomi dabam. Ƙaramin faifai kuwa minti uku zuwa huɗu ne. Dole mawaƙi ya taƙaita, ko a raba waƙar gida biyu, mai sauraro ya tashi ya juya faifai a tsakiyar zance. Wannan awo ya fi dacewa da masu gajerun waƙoƙi na hali da zaman duniya, irin Ɗanmaraya da kuntiginsa, fiye da ƙungiyar kotso ko taushi mai doguwar waƙar sarauta.

Na uku, ta daskarar da abin da ba a saba ganinsa a daskare ba. Rerawa guda, ta rana guda, a ɗakin ɗaukar murya inda babu taro babu kari, ita ce ta zama waƙar a kunnen dubban mutane. Har ya zamana idan mawaƙi ya zo gari ya rera ta da wani salo, sai yara su ce ba haka take ba. Ɗalibin adabi ya kamata ya riƙe wannan: abin da ke kan faifai rerawa ɗaya ce daga cikin ɗaruruwa, kuma mai yiwuwa ita ce mafi gajarta.

Faɗuwar kasuwarsa

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970 ya mamaye arewacin Nijeriya. Fifikonsa a fili yake. Yana cin minti 30 ko 45 a gefe ɗaya, saboda haka ya maido wa waƙar Hausa tsawonta. Ba ya tsalle a cikin mota. Uwa uba, duk mai rakoda biyu yana iya kwafa. Kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar kwafar kaset da rarraba shi har Nijar da Kamaru da Gana. Wa'azi da karatun Alƙur'ani da waƙoƙin bege, waɗanda kamfanonin Ikko ba su damu da su ba, suka sami hanya.

Ta ɗaya gefen kuma, robar da ake buga faifai da ita daga man fetur ake samo ta, amma daga waje ake shigo da ita. Matakan tsuke bakin aljihu na 1982 da faɗuwar naira daga 1986 suka sa kuɗinta ya gagara. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo bayan aikin gama ya gama. Manyan kamfanonin ƙetare suka sayar da rassansu ga 'yan ƙasa suka janye. Kaset ɗin ma bai dawwama ba: faifan CD ya ture shi, katin waya kuma ya ture su duka.

Faifai a matsayin hujjar tarihi

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ba ta samun ajiya kuma. Kundin malami ana naɗe shi a gafaka a gada daga kaka zuwa jika, amma abin da aka saya da canjin cefane babu mai tunanin adana shi. Ga shi kuwa ƙasarmu ba ta tausaya masa: zafin bazara ya lanƙwasa roba, ƙurar hunturu ta cike zanen, gara ta cinye takardar da ke tsakiya, 'yan gwangwan su kwashe akwatin.

To, mene ne mai tarihi zai samu a ciki? Takardar tsakiya tana ɗauke da sunan mawaƙi, da na kamfani, da ƙasar da aka buga shi. Sau da yawa sunan a karkace yake, abin da ke nuna cewa wanda ya rubuta ba ya jin Hausa. Akwai kuma lamba da aka zana a jikin faifan kusa da takardar. Idan aka jera irin waɗannan lambobi aka gwada da kundin kamfani, ana iya gano lokacin da aka ɗauki waƙa ko da ba a rubuta shekara ba. A cikin waƙar kuma akwai sunayen hakimai da fatake da 'yan kamasho waɗanda ba su shiga kowace takardar gwamnati ba. Akwai karin harshen garuruwa kamar yadda ake furta shi shekaru 60 da suka wuce. Akwai waƙoƙin ƙarfafa soja lokacin yaƙi, da na wayar da kai game da komawa tuƙi a hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973, waɗanda ke nuna yadda hukuma ta yi magana da talakan da ba ya karanta jarida.

An yi aiki mai yawa a kan mawaƙan kansu. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa masu yawa, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa kuma sun buga tarihin rayuwar Shata a 2006. Sai dai mawaƙan suna ta tafiya: Musa Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Waɗannan manya ne, gidajen rediyo sun riƙe muryoyinsu. Abin tsoron shi ne ƙananan makaɗan da suka shiga ɗakin ɗaukar murya sau ɗaya ko biyu a rayuwarsu. Irin waɗannan, faifai ɗaya da ke ƙarƙashin gadon wata tsohuwa yana iya zama shi ne kaɗai abin da ya rage daga muryarsu.

Kammalawa

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori biyu na wannan zaure. Ɗalibai, idan kun je hutu ku tambayi iyaye da kakanni, ku duba adaka da saman rumbu. Wanda ya sami faifai kada ya ɗora wa na roba allurar ƙarfe ta tsohon garmaho, domin za ta cinye zanen a juyi ɗaya. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa, a ajiye shi a tsaye nesa da rana. A ɗauki hoton takardar tsakiya gaba da baya. A kuma rubuta wanda ya saye shi, da kasuwar da ya saya, da wuraren da aka riƙa sa shi, domin wannan bayani rabin hujjar ne, kuma yana bakin mutanen da shekarunsu suka ja.

Ma'aikata kuwa, musamman na ƙananan hukumomi da ma'aikatun ilmi da al'adu, aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Na'urar juya faifai guda mai kyau, da kwamfuta, da ma'aikaci ɗaya da aka horar, sun isa a kwafe abin da ƙaramar hukuma guda za ta tara, a mai da wa masu shi kayansu, a kai kwafi Jami'ar Bayero da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Sabon mazaunin jami'ar yana kan hanyar Gwarzo ne, hanyar da ta wuce ta Rimin Gado, saboda haka daga nan ya fi sauƙi a fara.